Fituwitarin ɓera ya kumbura: ƙari ne ko hayayyafar sel kawai?

Ɗalibar Bincike: Assalamu alaikum malamaina. Ina neman a fitar da ni daga duhu. Na gaji wasu dunƙulallun kakin farafin daga ɗalibin da ya riga ni a ɗakin bincikenmu. Fituwitari ne, wato 'yar gaɓar nan mai sakin homon da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, na ƙananan ɓeraye (nau'in mouse) waɗanda aka kashe wa kwafi ɗaya na ƙwayar gadon Aip, an ciro su suna da wata 12. Na yi sala, na yi rinin hematoksilin da iyosin, na kuma yi rinin antibodi na homon girma. Ɓangaren gaba ya fi na 'yan'uwansu lafiyayyu faɗi, sel masu jan ciki sun cika ko'ina, rinin homon girma kuma ya kama duk inda ido ya kai. Mai duba aikina ya leƙa madubi bai fi minti biyu ba ya ce in rubuta adenoma, wato ƙari. Ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya, domin ban ga wani curi mai iyaka da ya ture maƙwabtansa ba. Me zan kira wannan abu?

Mai Rini: Wa alaikumus salam 'yata. Kin yi retikulin, wato rinin azurfa mai nuna zaren da ke kewaye sel?

Ɗalibar Bincike: A'a Baba, ba a ce in yi ba.

Mai Rini: To ajiye alƙalami tukuna. Lafiyayyen fituwitari, in kika rina shi da azurfa, za ki ga baƙin zare siriri ya kewaye sel gida-gida, kamar saƙar zuma. Idan sel sun hayayyafa ne kawai, gidajen za su buɗe su yi faɗi, amma zaren yana nan a kewaye da kowane gida. Idan ƙari ne, ragar ta yage: sai ki ga fili fetal na sel babu zare, in ban da ɗan guntu-guntu a jikin jijiyoyin jini, a gefe kuma ragar lafiyayyen ɓangaren ta matse ta taru wuri guda. Hanyar Gordon da Sweets nake bi tun ina saurayi. Ki sa salar hanta a gefen gilashin ta zama shaida, don ruwan azurfa in ya kwana biyu yakan ci amanar mutum, ya ƙi kamawa, ki ɗauka raga ce ta yage alhali rini ne ya mutu.

Ɗan Aji Uku: Ku yi haƙuri manya, ni ɗan kallo ne. Idan rinin homon girma ya kama kusan duk sel ɗin, ashe wannan bai isa hujja ba?

Dakta Madubi: Bai isa ba ƙanena, kuma tambayarka ce tarkon da mutane da yawa ke faɗawa. Ko a lafiyayyen mutum, sel masu yin homon girma, wato somatotirof, su ne mafi yawa a ɓangaren gaba, sun kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Saboda haka ganin launin ƙasa-ƙasa ya mamaye gilashi ba labari ba ne. Abin dubawa shi ne waɗanda suka ɓace. A lafiyayyen nama, sel iri biyar ne a cakuɗe: masu homon girma, masu furolaktin, masu TSH, masu ACTH, da masu FSH da LH. Ƙari yana korar sauran ya bar iri ɗaya ko dangi ɗaya. Ɗaliba, ki rina salolin da ke bin juna da ACTH da LH. In kika ga ɗaiɗaikunsu a warwatse cikin wurin da kike zargi, to har yanzu unguwa ce mai maƙwabta, ba a kori kowa ba.

Tsohon Farfesa: Madalla da wannan tambaya. Yarinya, abin da ya dame ki ya dami manyan masana kafin a haife ki, bari in ɗan ja ki baya. A 1982 aka gano GHRH, homon da ƙwaƙwalwa ke aikawa fituwitari ya saki homon girma. Inda aka samo shi ma abin mamaki ne: daga ƙarin fankiriyas, gaɓar ciki mai yin insulin, na wasu majinyata masu akuromegali, wato ciwon yawan homon girma, ƙungiyar Guillemin da ta Rivier da Vale suka tsamo shi. Cikin majinyatan akwai wadda aka fara yi wa aikin fituwitari, sai aka tarar hayayyafa ce, ba ƙari ba. Daga nan aka ce to bari mu sa wa ɓera ƙwayar gadon GHRH ta ɗan Adam, a haɗa ta da makunnin metalotayonin, jikinsa ya riƙa tuttuɗo da homon ba dare ba rana. Ɓerayen suka yi girma, fituwitarinsu ya ninka. Da Asa da Kovacs da abokan aikinsu a Toronto suka bi su da madubi, a watannin farko hayayyafa suka gani, raga tana nan. Sai da ɓerayen suka manyanta, wajen shekara ko fiye, sannan ragar ta fara yagewa aka ga adenoma na gaske. Wani abin kuma, da yawa daga sel ɗin suna ɗauke da homon girma da furolaktin a tare, abin da ake kira mamosomatotirof. Ke nan a ɓera akwai tsani: lafiya, hayayyafa, sannan ƙari. Naki na wata 12 suna iya kasancewa a tsakiyar tsanin.

Sarkin Musu: Ranka ya daɗe, da girmamawa, wannan tsanin ne ya sa nake shakkar amfanin ɓerayen nan gaba ɗaya. A mutum ba haka abin yake ba. Tun 1990 aka nuna cewa adenomar fituwitari ta mutum daga sel ɗaya tak take tasowa, ta hanyar duba wane kuromosom X ne aka kashe a ƙarin mata. Shekara guda kafin nan, 1989, Landis da abokansa suka gano sauyin ƙwayar gadon GNAS, wanda ke cikin kusan kashi 40 na ƙari masu homon girma. Sel ɗaya ya lalace, ya haifi dubbai, naman da ke kewaye da shi kuma lafiya lau. Likitan tiyata ya ciro ƙarin, sauran fituwitari ya ci gaba da aikinsa. Mu kuma mun ɗauki ɓera mun cusa wa kowane sel nasa matsala tun yana ciki, mun jira ya tsufa, muna cewa ga kwatankwacin ciwon mutum. Kama da wane ba ta wane.

Tsohon Farfesa: Gaskiyarka rabi ce Malam. Ga mafi yawan majinyata, haka ne. Amma ka manta da waɗanda su ma suka zo da matsalar ƙwayar gado tun suna ciki. Masu ciwon Carney, masu McCune-Albright, da yaran nan masu X-LAG, ciwon tsawon da ya wuce kima: in aka duba fituwitarinsu ana ganin hayayyafa, wani lokaci da ƙari a tsakiyarta. Ga irin waɗannan, ɓeran bai yi ƙarya ba. Kuma ɗalibar nan a kan Aip take aiki, wanda gado ne.

Sarkin Musu: To mu tsaya a Aip ɗin. A mutane, cikin masu ɗauke da sauyin, kusan ɗaya cikin biyar ne ke kamuwa, kuma suna yara ko matasa. A ɓerayen da aka yi a Helsinki aka wallafa a 2010, duk sai da suka yi ƙari kafin su wuce wata 15. Wata 15 a ɓera ai dattijo ne. Ciwon samari a mutum, ciwon dattijai a ɓera; ɗaya cikin biyar a can, biyar cikin biyar a nan. Ina kamar take?

Dakta Madubi: Ka ƙara da wannan, tunda ka buɗe ƙofar: wata ƙungiya a Faransa ta duba mazan ɓeraye masu kwafi ɗaya na Aip a wata 3 da wata 12, aka wallafa a 2016, ba su ga ƙari ba sai sauye-sauye marasa ƙarfi. Wannan ba ya taimaka wa musunka kaɗai, yana taimaka wa ɗalibarmu. Mai duba aikinta ya karanta na Helsinki ne ya sa a ransa dole a ga ƙari. Ido kuwa yana ganin abin da aka aike shi nema.

Ɗalibar Bincike: Wallahi Anti Dakta kamar kina wurin. Takardar ce a buɗe a kwamfutarsa ranar.

Ɗan Aji Uku: Wai Aip ɗin nan shi ne na dogon mutumin Ayalan?

Tsohon Farfesa: Shi ne. Charles Byrne, ya rasu a Landan a 1783 yana ɗan shekara 22. An gano alaƙar ƙwayar gadon da ƙarin fituwitari a 2006 a wasu iyalai na arewacin Finlan, sai a 2011 aka wallafa cewa an ciri DNA daga haƙoran Byrne an sami sauyin. Ɓera kuwa in aka kashe masa kwafi biyun duka ba ya ma isa haihuwa, zuciyarsa ba ta ginuwa daidai. Shi ya sa ake amfani da mai kwafi ɗaya, ko a kashe biyun a cikin somatotirof kaɗai.

Mai Rini: Ina da jan hankali kafin ku yi nisa. 'Yata, fituwitarin ƙaramin ɓera kamar miligiram biyu ne kacal, a kwance yake falan kamar ɓawo, kuma ta yadda aka kwantar da shi a kaki haka zai fito. In wanda ya riga ki ya dasa ɗaya a tsaye ɗaya a karkace, ɗaya zai fi ɗaya faɗi a gilashi ko da nauyinsu ɗaya. Kada ki gina magana a kan faɗi sai kin tabbata yanka iri ɗaya ne. Sannan sala guda ba ta isa ba. Ƙaramin ƙari zai iya ɓuya tsakanin sala biyu. Ki yanke dunƙulen har ƙarshe, maikuron huɗu-huɗu, ki riƙa ɗiba mataki-mataki.

Dakta Madubi: Kuma ki san inda kike tsaye. Ɓera yana da ɓangaren tsakiya cikakke, mu mutane namu ya shanye in mun girma. Ɓerayen da aka kashe wa kwafi ɗaya na Rb a 1992, da waɗanda aka cire wa p27 a 1996, duk sun yi ƙarin fituwitari, amma a ɓangaren tsakiya, daga sel masu POMC. Na p27 ɗin har girman jiki suka yi fiye da 'yan'uwansu, ba tare da homon girma ya hau ba. Wanda ya ga ƙaton ɓera da ƙari a fituwitari ya ce akuromegali ne, ya faɗi jarrabawa sau biyu.

Sarkin Musu: Yauwa, kin kawo ni inda nake so. Akwai kuma kishiyar wannan. Ɓeran Palmiter da Brinster na 1982, wanda hotonsa ya zagaya duniya, ƙato ne don hantarsa da sauran gaɓoɓi ke yin homon, fituwitarinsa ba ruwansa, somatotirof ɗinsa ma lafawa suke yi a irin waɗannan ɓeraye. Na 1991 da aka sa wa gubar kwalara a cikin somatotirof don ta kunna hanyar da sauyin GNAS ke kunnawa, hayayyafa da girman jiki aka samu. Na baya-bayan nan, GPR101, ƙwayar gadon da aka gano a 2014 tana jawo X-LAG, irin ciwon da ke sa yaro ya fara zarce sa'o'insa tun yana goye. Masu bincike a Liyej ta Beljiyam suka ƙara ta a fituwitarin ɓera, aka wallafa a 2020: homon ya hau, jiki ya girma, amma babu ƙari, babu ma hayayyafa. A yaran kuwa ƙari da hayayyafa su ne alamar ciwon. Ku gaya mini wane ɓera ne ya taɓa kwaikwayon mutum daga kai har ƙafa.

Tsohon Farfesa: Babu, kuma ba wanda ya yi maka alkawarin haka. Amma dubi abin da ka faɗa da bakinka. Ɓeran GPR101 ya raba abu biyu da muke ɗauka ɗaya ne: yawan sakin homon daban, yawan haihuwar sel daban. A majinyaci ba za ka taɓa raba su ba, don sai abin ya gama faruwa yake zuwa hannunka. Rashin kamar nan ita ce ta koyar da mu. Kai kana neman hoton mutum a jikin ɓera, ni kuwa ina neman amsar tambaya guda a kowane ɓera.

Sarkin Musu: Ranka ya daɗe wannan dabara ce ta wanda ba ya so a kayar da shi. In ya yi kama, nasara. In bai yi ba, darasi.

Mai Kula da Zaure: Malam Sarkin Musu, a riƙa sassautawa. Ana amfana da ku duka biyun.

Ɗalibar Bincike: Ina da ƙari a kan tambayata, ba ƙarin fituwitari ba, ku gafarce ni. In retikulin ya nuna adenoma ce, an ce in faɗi ko mai cunkoson tsaba ce ko mai ƙarancin tsaba, kamar yadda ake yi a mutane. Yaya ake yin wannan a ɓera?

Dakta Madubi: Nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ne na fi jin Sarkin Musu. Bari in fara da mutum. Mai cunkoson tsaba, sel ɗinsa jajaye ne da iyosin, rinin homon girma ya kama da ƙarfi ko'ina, a madubin lantarki kuma ciki cike yake da manyan tsabar ajiya. In aka rina keratin da CAM5.2, zare ne ke kewaye cibiyar sel kamar zobe. Irin wannan ya fi zuwa ga manya, yana girma a hankali, yana kuma jin magungunan oktiriyotaid da lanriyotaid, don makarɓar somatostatin ta biyu tana da yawa a jikinsa. Mai ƙarancin tsaba kuwa fari-fari ne, rinin homon ya kama sama-sama ko tsilli-tsilli, cibiyar sel ta lanƙwashe gefe kamar jinjirin wata, domin wani curin keratin ya zauna kusa da ita ya ture ta. In curin nan ya bayyana a fiye da kashi 70 na sel, shi ke nan an sa masa suna. Ya fi kama matasa, ya fi girma, ya fi kutsawa maƙwabta, E-kadirin ɗinsa, furotin mai manne sel da sel, ya ragu, kuma sau da yawa yana yi wa waɗancan magunguna kunnen ƙashi. Masu sauyin AIP galibi wannan na biyun suke yi. Kin ga dalilin da ya sa mai duba aikinki ke son a faɗa.

Matsalar ita ce CAM5.2 a jikin ɓera aka haɗa shi. Ki ɗora antibodin ɓera a kan naman ɓera, antibodi na biyu zai kama na gida da na baƙo gaba ɗaya, jijiyoyin jini su yi dagwalo, fituwitari kuwa jini ne da shi kamar me. Ko ki nemi TROMA-1, wanda a babban ɓera (nau'in rat) aka yi shi kuma yana kama keratin 8, ko wanda aka yi a zomo. Duk da haka ni ba zan ari sunayen mutane in liƙa wa ɓera ba don kawai rini ya fito fari-fari. In ba ki ga curin da idonki ba, ki siffanta abin da kika gani: rini mai ƙarfi ko mai rauni, a ko'ina ko a wurare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina rabe-rabenta na 2017 da 2022 a kan naman mutane ne.

Mai Rini: Haka ma Ki-67, rinin da ke nuna sel masu rabuwa. Antibodinsa MIB-1 da kowa ya saba da shi ba ya yi a naman ɓera. Na ga ɗalibi ya ɓata wata guda yana murna ƙarinsa ba ya girma, ashe antibodin ne bai san ɓera ba. SP6 na zomo yana yi. Batun madubin lantarki kuma ki manta da shi a waɗannan dunƙulallun, naman da ya sha fomalin ya shiga kaki ba ya ba da hoto mai kyau. Wanda za a kai can, tun ranar yanka ake tsoma shi a gulutaraldehaid.

Ɗan Aji Uku: Me ya sa ba za a yi amfani da GH3 kawai a huta ba? Mu an koya mana su ne sel ɗin ƙarin homon girma.

Tsohon Farfesa: Hutun jaki da kaya a ka. GH3 daga ƙarin babban ɓera na zuriyar Wistar-Furth suka fito, ƙarin da haskawa da radiyeshin ta jawo, aka riƙa dasa shi daga wannan dabba zuwa waccan, har Tashjian ya raine su a kwalba a 1968. Fiye da shekara hamsin ke nan suna rabuwa a kwano. Suna yin homon girma da furolaktin tare, ba su da makarɓar dofamin mai aiki, kuma ba sa amsa kiran GHRH yadda somatotirof na gaske ke yi. In ka dasa su ko 'yan'uwansu GC a ƙarƙashin fatar babban ɓera, cikin makonni za ka sami curi, dabbar ta yi nauyi, zuciya da hanta su girma. Don nazarin abin da yawan homon ke yi wa jiki, wannan ya yi. Amma a madubi, shimfiɗar sel ce masu rabuwa da sauri, tsakiya na mutuwa in curin ya girma. Adenomar mutum tana iya shekaru tana tafiyar hawainiya, da ƙyar ka ga sel ɗaya yana rabuwa. Kuma ƙarƙashin fata babu raga da za ta yage, babu maƙwabcin da za a ture. Tambayar ɗalibar nan ma ba ta tasowa a can.

Likitan Maguna: Na daɗe ina karantawa shiru. Kuna ta wahalar ƙera ciwo a ɓera, ga dabbar da ke yin sa da kanta tana kwance a kan kujerar mutane. Kyanwa. Yawanci muzuru ne da aka fiɗiye, ya manyanta, ya zo da ciwon sukarin da ya ƙi jin insulin, ana ta ƙara allura yana ta ƙara nauyi maimakon ya rame. Fuska ta faɗaɗa, haɓar ƙasa ta turo, tafin ƙafa ya yi kauri, numfashi da minshari. Wani bincike a Ingila da aka wallafa a 2015, an auna IGF-1, ma'aunin aikin homon girma a jini, na maguna masu ciwon sukari sama da 1200, aka kiyasta kusan ɗaya cikin huɗu na da wannan ciwon. Da aka fara cire musu fituwitari ta rufin baki, aka sami nama sabo na dubawa: galibi adenoma ce mai jajayen sel a ɓangaren gaba, wasu kuma hayayyafa. Ba wanda ya taɓa ƙwayar gadonsu, ciwon ya zo a tsakiyar rayuwa, ƙashi ya riga ya rufe, kamar mutum.

Sarkin Musu: To wannan na yarda da shi. Babban ɓera ma guringuntsin girman ƙashinsa ba ya rufewa kamar namu, shi ya sa yake ƙara tsawo maimakon ya yi irin kumburin fuska da hannu. Kyanwa ta fi kusa.

Likitan Maguna: Kada ka yi saurin rungumarta Malam, ita ma tana da nata. Oktiriyotaid da ke taimaka wa mutane da yawa bai cika yi mata wani abin kirki ba, fasiriyotaid ne ya nuna tasiri. Kuma ba za ka iya yanka lafiyayyar kyanwar wani a wata shida don ka ga yadda abin ya fara ba. Ƙarshen labari kawai take ba mu. Farkonsa sai ɓera.

Kare kuma nasa daban ne gaba ɗaya. Karya mai akuromegali, yawanci fituwitarinta lafiya ƙalau. Masu bincike a Utrecht ta Holan suka nuna a 1994 cewa daga nono homon ke fitowa, in furojestaron ko allurar hana juna biyu mai kama da shi ta motsa shi. A daina allurar ko a cire ƙwan haihuwa, homon ya sauka.

Ɗan Aji Uku: Subhanallah, daga nono? Wannan ba ya cikin littafinmu.

Dakta Madubi: Ɗaliba, wani abu da na manta. Maza ne ko mata ɓerayenki? Ki haɗa da rinin furolaktin ko ta yaya. Tsofaffin ɓeraye, musamman mata, suna yin ƙarin fituwitari haka kawai, kuma yawanci na furolaktin ne. Masu kwafi ɗaya na Men1 ma furolaktin suka fi yi, a mata. Na HMGA2 da aka yi a Nafoli ta Italiya a 2002, gauraye ne na furolaktin da homon girma, su ma mata suka fi. Somatotirof da laktotirof masu furolaktin da tairotirof masu TSH uwarsu ɗaya, Pit-1, shi ya sa ɓeran Snell da aka siffanta a 1929, mai lalatacciyar Pit-1, ya rasa ukun gaba ɗaya ya zama wada. Rinin Pit-1 zai gaya miki dangi ne kawai, ba zai gaya miki wane ɗa ba. Kuma in kin sami ƙari, abu mafi ƙarfi da za ki iya nunawa shi ne rinin Aip ɗin kansa: ya ɓace a cikin curin, yana nan a kewaye. Wannan ne zai ce kwafi na biyu ya tafi, ƙarin na ƙwayar gadon ne, ba na tsufa ba.

Ɗalibar Bincike: Gauraye ne Anti, maza sun fi yawa. Na rubuta komai. Zan dawo in Allah ya yarda.

Ɗalibar Bincike: Salam, na dawo bayan mako biyu. Baba Mai Rini, karon farko hantar ma ba ta kama ba, sai da na haɗa sabon ruwan azurfa. Na biyu ya fito tsaf. A mafi yawansu ragar tana nan, gidajen ne suka yi faɗi, ACTH da LH kuma a warwatse kamar yadda Anti Dakta ta ce. Amma a ɗaya, can cikin dunƙulen, wajen da salar farko ba ta kai ba, akwai wani ɗan lungu a fiffiken hagu inda zaren ya ɓace, na gefe ya matse. Ƙarami ne ƙwarai. Homon girma ya kama shi, ba LH ko ɗaya a ciki. Da na nuna wa mai duba aikina sai ya ce ai dama ya faɗa.

Sarkin Musu: Ya faɗa a kan duka, ya samu a ɗaya.

Mai Rini: Sala nawa suka rage miki da lungun a ciki?

Ɗalibar Bincike: Huɗu Baba. Na bar su ba rini.

Dakta Madubi: To kada ki taɓa su sai kin gwada kowane antibodi a wani naman ya yi. Ɗaya Aip, ɗaya furolaktin, ɗaya keratin. Ta huɗun ki ɓoye ta, mai bitar takarda zai nemi abin da ba ki yi tunani ba. Kuma ki yanke na lafiyayyun 'yan'uwan har ƙarshe kamar yadda kika yi wa waɗannan, in ba haka ba ba ki da abin kwatantawa.

Tsohon Farfesa: Na macen ne ko na namijin?

Ɗalibar Bincike: Ranka ya daɗe lambar da ke jikin dunƙulen ta goge rabi. Na aika wa wanda ya riga ni saƙo ya duba littafinsa, bai amsa ba tukuna.